Valentino Rossi a Motar Rali: Me Aka Zuba, Wa Ya Biya?

A watan Nuwamba na 2002 Valentino Rossi ya sauka a Wales yana ɗan shekara 23, ya riga ya ci kambin duniya na tseren babur har sau huɗu. Wannan karon mota ya je tuƙawa. Wani kamfanin Italiya mai suna Grifone ya shirya masa Peugeot 206 irin ta gasar rali ta duniya, aka zaunar da Carlo Cassina a kujerar gefe don ya riƙa karanta masa hanya. Zangon farko gajere ne, an yi shi a birnin Cardiff don 'yan kallo. Washegari aka shiga daji. Bai kai ƙarshen zango na biyu ba motar ta kauce hanya, daga nan gasar ta ƙare masa. Petter Solberg ɗan ƙasar Nowe ne ya cinye wannan rali, kuma nasararsa ta farko ke nan a gasar duniya, bayan shekarun da ya kwashe yana bin dazuzzuka yana shan kaye.

Duk da haka, har gobe idan hira ta biyo ta kan Rossi a tsakanin masu son tsere, sai ka ji wani ya ce ai da ya koma rali gaba ɗaya da can ma ya zama zakara, wai mai baiwa duk inda ka ajiye shi sai ya yi fice. Ina ƙaunar Rossi, kuma ba na jayayya da baiwarsa. Mutumin da ya ci kambin duniya sau tara, ya lashe tsere 115, 89 daga ciki a babban aji, ba ya buƙatar wani ya tsaya masa shaida. Amma waccan magana ban yarda da ita ba. Tana rage wa direbobin rali daraja, tana kuma lulluɓe ɗawainiyar da ke bayan kowace irin wannan ziyara da zakaran babur ke kaiwa gidan da ba nasa ba. In har za a yi maganar, to a zauna a yi lissafi tsakani da Allah.

Sau uku Rossi ya shiga gasar rali ta duniya. Na 2002 mun ji yadda ya ƙare. A Nuwamban 2006 ya tafi Niyu Zilan da Subaru Impreza, ya kammala a matsayi na 11. A Disambar 2008 ya koma Wales da Ford Focus ta ƙungiyar Stobart, cikin ƙanƙara da taɓo, ya zo na 12. A 2006 da 2008 mutum takwas na farko kaɗai ake ba maki, saboda haka bai taɓa samun maki ko ɗaya ba a gasar duniya. Kammala rali irin na Wales a hunturu ba ƙaramin abu ba ne, direbobi da yawa da suka fi shi daɗewa sun faɗa rami a ranakun. Wannan na ba shi. Sai dai lambar matsayi tana iya ruɗar mutum. A Niyu Zilan, alal misali, zakaran lokacin Sébastien Loeb ma bai yi tseren ba, don ya karya hannu a kan keke, kuma a kowane rali wasu manyan kan fita da wuri saboda haɗari ko lalacewar inji, sai na baya ya matso gaba ba tare da ya wuce kowa ba.

Agogo ne ba ya ruɗi. A Wales a 2008, Loeb da ya zo na ɗaya ya ba Rossi tazarar fiye da minti 13. Idan aka raba wannan bisa tsawon zangunan da aka yi tsere a kansu, ƙasa da kilomita ɗari uku, za a ga ana barinsa da fiye da daƙiƙa biyu a kowace kilomita. A tseren babur da Rossi ya saba, wanda ke zubar da daƙiƙa biyu a kowace kilomita, a fili mai tsawon kilomita biyar daƙiƙa goma yake rasawa a zagaye ɗaya, kuma irin wannan ko layin farawa ba za a bar shi ya tsaya ba. Rossi ya fi kowa sanin ma'anar wannan tazara, domin shi ne ya saba ba wasu ita.

Daga ina tazarar take fitowa? Ba daga tsoro ba, kuma ba daga rashin hannu ba. Aikin biyu ne suka sha bamban tun daga tushe. Ɗauki filin Mugello na Italiya, inda Rossi ya yi suna: kilomita biyar da ɗan ɗoriya, kwana 15, ana zagayawa sau 23 ranar Lahadi, bayan an yi Juma'a da Asabar ana gwaji a kan kwanonin nan 15 ɗin dai. Shekara ta zagayo a sake dawowa. Mahayi ya san inda kwalta ta ɗan tashi, ya san alamar da zai gani ya damƙi birki, ya san inda abokin hamayya yake da rauni. Gwanintarsa ita ce ya maimaita abu ɗaya yana aske masa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sannan ya yi kokawa da mutanen da yake gani da idonsa, kafaɗa da kafaɗa, na tsawon minti arba'in da wani abu.

Direban rali kuwa ba ya ganin abokin takararsa. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin motoci, kowa da agogo yake faɗa. Kwana uku ake yi, kwanonin hanya dubbai ne, kuma doka ta ba shi damar bin kowane zango sau biyu kacal kafin gasa, da mota ta yau da kullum, a ƙayyadadden gudu. A wannan bin sau biyun ne yake faɗa wa abokin zamansa abin da ya gani, shi kuma yana rubutawa a littafi. Ranar tsere sai littafin ya dawo masa ta cikin hular kwano. Ka ƙaddara kana cikin motar: bel ya ɗaure ka tamau, tsakuwa na dukan ƙarƙashin mota kamar ana ruwan duwatsu, itatuwa na wucewa dab da madubi, gabanka tudu ne da ba ka ga bayansa. Murya a kunnenka tana cewa, "Tudu, kar ka ɗaga ƙafa, hamsin, hagu huɗu tana matsewa, kar ka yanka, dutse a ciki." Kafin ka kai tudun ya riga ya shiga karanta kwana ta gaba da wadda ke bin ta. Ko dai ka gaskata muryar nan ka bar totur a ƙasa, ko ka ɗan sassauta don idonka ya tabbatar. Wannan ɗan sassautawar, sau ɗari a zango ɗaya, ita ce daƙiƙa biyun nan a kowace kilomita.

Kuma littafin nan ba saya ake yi ba. Direba ne da kansa yake auna kwana da ido a gudun da bai kai rabin na tsere ba, ya ce wannan huɗu ce, waccan uku. In ya yi kuskure ranar dubawa, kuskuren na jiransa ranar tsere. Iya rubuta hanya fanni ne mai zaman kansa da ake shekaru ana gyarawa, kuma mahayin babur, komai girman kambinsa, bai taɓa buƙatarsa ba ko sau ɗaya a rayuwar aikinsa. Mutumin da ya girma yana yarda da idonsa kaɗai, yanzu ana so ya miƙa wuyansa ga kunne.

Akwai kuma abin da jiki ya haddace. A kan babur mahayi wani ɓangare ne na nauyin abin hawan: ya zame daga sirdi, ya kwantar da babur har gwiwa ta shafi kwalta, birkin gaba na hannun dama. A motar rali an ɗaure shi a kujera cikin ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya, taya huɗu duka suna ja, sau da yawa da ƙafar hagu ake taka birki yayin da ta dama ke kan totur, kuma a kan burji da gangan ake karkatar da mota ta tafi a kaikaice tun kafin a shiga kwana. Hanyar ma ba ta zama yadda aka bar ta. Motocin farko su share tsakuwa, na baya su tarar da kwazazzabai da duwatsun da aka tono. Rossi yana da abin da ya taimake shi a nan, don mahaifinsa Graziano, wanda shi ma tsohon mahayi ne, ya saba masa da zamiya a kan ƙasa tun yana yaro, ga shi kuma ya fara da ƙananan motocin tsere kafin babur. Shi ya sa ya iya kammalawa. Amma tsakanin kammalawa da cin gasa akwai tafiyar shekaru.

Shekarun nan su ne kuɗin shiga na gaskiya, kuma su ne abin da zakaran babur ba shi da su. Loeb ya bi ƙananan gasanni a Faransa, ya ci ajin matasa na duniya a 2001, sai a 2004 ya ɗauki babban kambi yana da shekara 30, sannan ya jera tara har 2012, duka tare da mutum ɗaya a gefensa, Daniel Elena. Kalle Rovanperä ɗan Finlan ya zama zakara a 2022 yana da shekara 22, har ana mamakin ƙuruciyarsa, alhali tun yana ɗan shekara takwas yake juya mota a kan dusar ƙanƙara, ga mahaifinsa Harri tsohon direban gasar duniya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ka ga ya iso da wuri, da wuri ya tashi.

In ana son gwaji na adalci, ga Kimi Räikkönen. Shi ba daga babur ya zo ba, zakaran Formula 1 ne na 2007, mota sana'arsa ce, kuma ɗan Finlan ne, ƙasar da rali yake kamar gado. Ya ajiye Formula 1 ya ba rali shekara biyu, 2010 da 2011, da mota Citroën mai kyau. Mafi girman abin da ya samu shi ne matsayi na biyar a Turkiyya a 2010. Da ya koma Formula 1 a 2012, a shekarar nan ya ci tsere a Abu Dabi. Hannunsa bai mutu ba ke nan, ralin ne ya ƙi ba shi abin da bai biya ba. To idan shekara biyu ba su ishi Räikkönen ba, ban ga dalilin da zai sa a ce Rossi, wanda ya leƙa sau uku cikin shekara shida, kambi na jiransa ba.

Masu waccan magana suna da hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta. Za su ce ga ralin sahara na Dakar. Gaskiya ne. Hubert Auriol ya ci Dakar a kan babur a 1981 da 1983, ya ci da mota a 1992. Stéphane Peterhansel ya ci sau shida a kan Yamaha tsakanin 1991 da 1998, sannan sau takwas da mota. Nani Roma ɗan Sifaniya ya ci da babur a 2004, da mota a 2014. Mutanen Agadas da suka manyanta sun ga irin waɗannan mahaya da idonsu a shekarun da gasar ke ratsa Tenere, kafin a ɗauke ta zuwa Kudancin Amurka a 2009, daga baya Saudiyya. Amma a duba me waɗannan mutane suka ɗauko daga babur. Sahara ɗaya ce, yashi ɗaya ne, karatun tudun rairayi da neman hanya inda babu hanya duk sun riga sun iya, abin hawa kawai suka sauya. Duk da wannan gata, Peterhansel da ya koma mota a 1999 sai a 2004 ya ci. Roma shekara goma ya yi tsakanin kambin biyu, Auriol tara, shi kuma sai da ya karya idon sawunsa biyu a 1987 kafin ya bar babur. Kuma dukkansu sauka suka yi daga babur suka rungumi mota dungurungum. Haka Travis Pastrana na Amurka, wanda ya fito daga tseren babur na ƙasa da tsalle-tsalle ya ci gasar ralin ƙasarsu sau huɗu a jere daga 2006: ƙasa ya sani tun asali, kuma gasar gida ce. John Surtees, mutum ɗaya tilo da ya ci kambin duniya a babban ajin babur da kuma Formula 1, daga fili ya koma fili, ya bar babur bayan 1960, sai 1964 ya ci da Ferrari.

Sai maganar Monza, wadda ita ce aka fi kafa hujja da ita. Rossi ya ci bikin rali na Monza sau bakwai, tsakanin 2006 da 2018, kuma a 2005 ya doke Colin McRae, zakaran duniya na 1995 wanda Rossi ke kallo a matsayin gwarzonsa, a wani karo da suka yi a can. Abin alfahari ne. Sai dai bikin Monza a cikin filin tsere ake yinsa a ƙarshen shekara, akasari a kan kwalta, a hanyoyin da ake maimaitawa har mutum ya haddace su. Wato an ɗauko motar rali an kawo ta inda Rossi ya fi ƙarfi. Nasarorin nan bakwai suna nuna ya iya mota ƙwarai, abin da ba wanda ya musa. Game da dajin Wales da asuba, cikin hazo, ba su ce komai ba.

Yanzu a zo ga abin da ake jinginarwa, wato jiki. Ranar 6 ga Fabrairun 2011, Robert Kubica ɗan Folan, wanda a lokacin ake lissafa shi cikin direbobin Formula 1 mafi hannu, ya shiga wani ƙaramin rali a Andora ta Italiya da Skoda Fabia, makonni kaɗan kafin a buɗe kakar tsere. Motar ta bugi ƙarfen gefen hanya, ƙarfen ya huda ta ya shigo ciki. Da ƙyar likitoci suka ceto hannunsa na dama, kuma hannun bai koma yadda yake ba. Sai a 2019 ya sake tsayawa a layin Formula 1, bayan shekara takwas, kuma daga baya shi da bakinsa ya ce ya riga ya ƙulla yarjejeniyar komawa Ferrari a 2012. Kubica jarumi ne, ya dawo ya ci ajin rali na biyu na duniya a 2013, ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 2025. Amma shekarun ganiyarsa sun tafi a rali ɗin da ko maki ba ya ƙara masa. Rossi ya fita daga dajin Wales lafiya a 2002. Da itace ya tsaya a inda motar ta sauka, da kambi biyar da ya ci bayan nan, da komawarsa Yamaha a 2004 da ta girgiza duniyar babur, duk suna cikin abin da aka ajiye a faifai a ranar.

Wani zai ce ai tseren babur ma haɗari ne, har ya fi. Haka ne, Rossi ya karya ƙafa a Mugello a 2010. Amma wancan haɗarin sana'arsa ne, a filin da aka bar sarari da tsakuwa a gefen kwana don mai faɗuwa, ga likitoci a kusa. Zangon rali ba shi da sarari, abin da ke gefen hanya itace ne, ko dutse, ko gangare. Sannan akwai abin da ya fi damuna a duk lissafin nan, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba: mahayin babur shi kaɗai yake faɗuwa, direban rali kuwa da ran mutum a gefensa. A Satumbar 2005, a ralin nan dai na Wales, Peugeot ɗin Markko Märtin ta bugi itace ta ɓangaren mai karanta hanya, Michael Park ya rasu nan take. Märtin ƙwararre ne da ya ci gasanni a duniya. Idan haka ta faru a hannun ƙwararre, to wanda ya zauna kusa da sabon shiga mai zuciyar zakara, wanda bai saba a wuce shi ba, kansa a sunkuye cikin littafi ba ya ko ganin abin da ke tahowa, shi me ake biyansa da zai kai wannan? Cassina da yardarsa ya zauna, kuma aikinsa ke nan. Amma duk labarin da za ka ji na Rossi da rali, sunan Rossi ne a sama, alhali kasada biyu aka raba ta daidai.

Akwai kuma kamfanin da ke biyan albashi. Honda a 2002, Yamaha a 2006 da 2008, sun gina shirin shekara guda a kan ƙasusuwan mutum ɗaya: injiniyoyi, makanikai, masu talla, duk shi suke jira ya hau sabon babur a gwajin hunturu. Rossi ya yi hankali, duk ralin nan uku bayan an rufe kakar babur ya shige su. Amma karaya ba ta duba kalanda, wadda aka samu a Disamba tana iya cinye gwajin Fabrairu. An ga irin wannan a wasu wasannin nasa na gefe: ciwon kafaɗa da ya samu a atisayen babur na ƙasa a 2010 ya bi shi har ƙarshen shekara, kuma a 2017 ya karya ƙafa a atisayen daji, tseren Misano na gida ya wuce shi. Abin da ba zan ɗora wa mota ba shi ne rashin kambin 2006. Wasu na cewa gwajin motar Formula 1 da ya riƙa yi da Ferrari a farkon shekarar ne ya raba masa hankali har Nicky Hayden ya ƙwace kambin da maki biyar. Ni ban ga haka ba. Inji ya mutu masa a Le Mans da Laguna Seca, taya ta ba shi matsala a Sin, an kayar da shi a tseren farko a Jerez, sannan ya faɗi da kansa a Valencia a ranar ƙarshe. Waɗannan sun isa bayani.

Kuɗi fa? Hayar motar gasar duniya, tayoyin da ake sauyawa kowane 'yan zanguna, ayarin makanikai, inshora, jigilar kaya har Niyu Zilan, duk abubuwa ne da matashin direba kan yi shekara yana yawon neman mai ɗaukar nauyi kafin ya haɗa na rali ɗaya. Zakaran babur sunansa ne ke biya masa, masu talla ne ke bin sa. Ba na cewa Rossi ya ƙwace kujerar wani, motocin da ya tuƙa na haya ne. Abin da nake gani ya fi wannan laushi, amma yana nan. Kyamarori da 'yan jarida suna da iyaka, kuma a makon da baƙo mai suna ya zo, shi ake bi. Yaron da ya zo na tara da tsohuwar mota, wanda wannan sakamako ne zai kai wa masu kuɗi ya roƙi shekara mai zuwa, sai ya koma gida ba a san ya zo ba, ana ta hira da na goma sha biyu. Ga mai kallo kuma darasin da ke shiga kansa shi ne rali wasa ne da shahararre ke iya shiga ranar hutu. Wannan asara ce ga sana'ar, ko da ba ta fito a takardar kowa ba.

Ba hannu wofi aka tashi ba, wannan ma a rubuta shi. Masu shirya rali sun samu 'yan kallon da ba su taɓa kula su ba, musamman daga Italiya. Fitar 2008 an haɗa ta da tara kuɗi don asusun tallafa wa yara na BBC. Shi kansa Rossi ya samu abin da yake so tun yana yaro, kuma mutum na da haƙƙin ya yi abin da ransa ke so da kuɗinsa da wuyansa. A iya ganina bai taɓa raina direbobin rali ba, girmama su yake yi, McRae ma gwarzonsa ne. Masoyansa ne suka ɗauki sha'awa suka mayar da ita da'awa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda shi mai abin ya yi nasa lissafin. Ƙofar Ferrari ta buɗe masa, ya gwada motarsu tun 2004, amma a 2006 ya sanar zai zauna da Yamaha. Ƙofar rali ma ba a rufe take ba, da ya ce yana so da an samu mai ba shi mota. Bai shiga ba. Ya ci gaba da babur har ƙarshen 2021, yana da shekara 42. Lokacin da ya rage masa kuwa a garinsu Tavullia ya zuba shi, inda ya gina filin atisaye na ƙasa, ya kafa makarantar horar da matasan mahaya ta VR46. Daga nan Franco Morbidelli ya fito ya ci ajin Moto2 a 2017, Francesco Bagnaia ya ci babban kambi a 2022 da 2023, Ba'italiye na farko da ya yi haka tun bayan Rossi a 2009. Da ya tafi rali a 2007 yana neman matsayi na shida ko na bakwai, da wuya a ce da kambin 2008 da 2009 da wannan makaranta sun samu.

Da ya sauka daga babur ya koma mota da gaske, bai nufi daji ba. Tseren motocin GT ya shiga, a filaye, inda ake zagaye ana maimaita kwana, inda abin da ya tara na shekara 26 yake da amfani. Ya yi 2022 da Audi a ƙungiyar WRT ta Beljiyam yana koyo, bai ci ko ɗaya ba. Sai a 2023, da BMW, tare da abokin tuƙinsa Maxime Martin, ya samu nasararsa ta farko a gasar GT ta Turai. A Misano aka yi, filin da ke 'yan kilomitoci daga gidansu, wanda ya sha zagayawa a kan babur tun yana saurayi.